Tsohon Mai a Daɓen Doña Hermelinda

Ranar Talata da hantsi, ni Belisario, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara wanke hannu kafin su taɓa littafi, na tsinci kaina kwance rigingine a ƙarƙashin mota, bisa kwalin firiji, ina kallon wani noti da ya ƙi kwancewa. Matata Hermelinda tana tsaye daga gefe da manjagara a hannu. Ba na ganin fuskarta, ƙafafunta kawai nake gani, amma wanda ya daɗe da aure yana gane fushi ko daga yatsun ƙafa.

Bari in bi da ku daki-daki, don ban saba fara darasi daga tsakiya ba.

Kun dai san gadar ƙarfen da ke tsakaninmu da gari. Ta tsufa, tana kuka idan babbar mota ta hau, amma tana tsallakar da mu. Sai manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, suka zo suka ce abin kunya ne yanki irin namu ya zauna da gada mai tsatsa. Za a yi mana sabuwa mai fitilu. Kafin mu gama tafi an kwance tsohuwar an loda a motoci, da saurin da ban taɓa ganin hukuma ta yi wani abu da shi ba. Sabuwar kuwa tana nan a jikin allo a bakin kogi, kuma dole in yaba wa mai zanen. Har wata mata mai lema ya zana tana tsallakawa. Mu kan tsaya mu kalle ta, mu yi mata fatan isa lafiya.

Tun daga nan duk mai zuwa gari sai ya zagaya ta hanyar alfadarai, ya hau dutse ya gangaro. Tankar fetur ba ta iya wannan hawa, shi ya sa layin gidan mai na ƙauyenmu ya zama wurin da ake ɗaura zumunci. Na san mutum biyu da suka shiga layin nan suna gaba da juna, suka fito ɗaya ya zama uban baftismar ɗan ɗaya.

Tsohuwar jif ɗina tana iya hawan, don tana ja da taya huɗu. Ga waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba: bayan akwatin giya akwai wani ƙaramin akwati da ke karɓar ƙarfin inji ya raba shi tsakanin tayoyin gaba da na baya. A duk masu rabon da na sani a ƙasar nan, shi kaɗai ne ke kai wa na baya kasonsu cikakke. To, shi ne ya fara kuka kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya. Na buga wa bakanikenmu waya, wanda garejinsa ke can ƙetaren kogi, inda mata mai lema ta nufa.

Ya ce, "Malam, yaushe rabon da ka canja man akwatin nan?"

Na ce, "Ana canja shi?"

Ya ja tsaki irin wanda nakan yi wa ɗalibi idan ya ce da ni ƙasar nan tana iyaka da duniyar wata. Sannan ya ce kada in kuskura in ɗora wa motar kaya in hau dutse sai na juye tsohon man na zuba sabo.

Kaya kuwa akwai su. Kofin Hermelinda na bana ne, wato 'ya'yan gahawa, daga gonar da ta gada wurin mahaifinta, kuma ranar Juma'a ƙungiyar manoma ke karɓa. A nan ne matsalar ta fito. Wannan aiki yana son mota ta tsaya daidai, ba karkace ba, in ba haka ba ba za ka san ko akwatin ya cika ba. Gidanmu kuwa manne yake a gefen tudu. Kazarmu ma in ta yi ƙwai sai ta bi shi da gudu. Wuri ɗaya ne shimfiɗaɗɗe a duk gidan: daɓen simintin da Hermelinda ke shanya kofi.

Kowa a nan ya san kofi ba ya riƙe sirri. Ka shanya shi kusa da albasa, ya ɗauki albasa. Tsohon man giya kuwa warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai ne da aka dafa a cikin taya. A ƙungiya akwai mai ɗanɗano, Doña Nohemí (Doña lakabin girmama mace ne a nan), wadda ke shaƙar buhu ta gaya maka ko karenka ya kwana kusa da shi. In ta ji mai, ba buhu ɗaya za ta mayar ba, duk girbin ne, da sunan gonar.

Hermelinda ta ce, "Ɗigo ɗaya, Belisario."

Na ce, "Ko rabin ɗigo ba za ki gani ba, tsohuwata."

"Ɗigo ɗaya, ka ɗauki bargonka ka koma coci da kwana. Kuma ka gama kafin azahar, akwai jiƙaƙƙen kofi a kwamin wanki yana jiran wurin nan. In ya yi tsami, kai da Allah."

Saboda haka na shirya kamar ranar jarrabawa. Ta janye kofin da ke shanya zuwa rabin daɓen na can. Na ɗan zagaya da motar don man ya yi ɗumi ya saki jiki. Na shimfiɗa tamfol, na ɗora kwali a kai, na kewaye da garin katako. Daron da zai tari man na zaunar da shi cikin tsohuwar taya, don kada gwiwar hannuna ta kifar da shi. Na naɗe wani kwalin kamar indararo, saboda man ba ya zubowa kai tsaye, yakan daki ƙarfen da ke ƙasa ya fantsama. Na goge kewayen notunan biyu da tsumma har suka fito fes. Biyu ne: na ƙasa inda tsohon mai ke fita, na sama a gefe inda sabo ke shiga. Abin da bakanike ya nanata mini har ya gaji shi ne: ka fara kwance na sama. Ka tabbatar kana da ƙofar zubawa kafin ka buɗe ƙofar zubarwa.

Ina cikin haka sai ga maƙwabcina Fulgencio, uban baftismar 'yata, ɗauke da ƙaton sirinjin da yake ɗura wa shanunsa magani. Da shi za a tura sabon man, don babu inda mazurari zai shiga a wannan lungu. Fulgencio mutumin kirki ne, sai dai hannunsa yakan riga kansa isa wuri.

Ya duba shimfiɗata, ya kira ni da sunan da zumuncin baftisma ya ba mu, ya ce, "Kompadre, mai za ka canja ko haihuwa za ka karɓa?"

Na ce, "Zauna ka sha ruwan mazarƙwaila. Bari in ɗauko tabarauna."

Tabarau ne kawai, jama'a. Daga daɓe zuwa ɗaki. Ina dawowa na ji warin tun daga ƙofa. Ƙafafun Fulgencio na leƙowa daga ƙarƙashin mota, yana fito.

"Na rage maka aiki, Malam! Dubi yadda yake zuba, baƙi ƙirin kamar zuciyar ɗan kwangila. Ko ɗigo bai fita ba."

Gaskiya ne, indararona ya yi aiki, man duk ya shiga daro. Na haɗiye abin da ya zo bakina, na ce, "Madalla. Ka kwance na saman tukuna, ko?"

"Akwai na sama?"

Akwai. Kuma tun ranar da aka ƙera motar babu wanda ya gaishe shi. Na sa sifana, ya ƙi. Na ɗiga masa kananzir a tsumma, na ƙwanƙwasa a hankali, na yi masa magana mai daɗi kamar yadda nake yi wa yaron da ya ƙi shiga aji. Fulgencio ya gwada, ya kira sunayen waliyyai, sannan ya kira wasu sunayen da ba za su shiga jarida ba. Abin da muke bukata dogon bututun ƙarfe ne da za a zura a hannun sifana a samu ƙarfin murɗawa. Muka birkice gida biyu, babu.

Ga mota nan ba mai a cikinta, ba a isa a tayar da ita ba. Turawa kuma, bayan daɓen kwari ne. Ta zauna daram a kan rabin wurin shanya, rana tana hawa.

Hermelinda ta matso da manjagararta. "Wa ya fara buɗe na ƙasa?"

Daga ƙarƙashin mota na ce, "Kuskure ne na haɗin gwiwa."

Fulgencio ya ce, "Komadre, ni dai na ga noti na kwance."

Na ce, "Kompadre, ka rushe tsohuwa kafin ka san ta inda sabuwa za ta shigo. Ban san kana da ilimin riƙe babban muƙami haka ba. In an buɗe takara ka tsaya, ina bayanka."

Kamar mun kira su. Jiniya ta taso daga kan tudu, sai ga jerin motoci masu baƙin gilashi, sun zagayo ta hanyar alfadarai duk sun yi kaca-kaca da laka. Ashe ranar ce Mai Girma Uban Ayyuka, Mai Aza Tubali Ba Gajiya, zai sake aza harsashin gadarmu. Na ce sake, don na halarci na baya, akwai lemo. Sai dai bakin kogi ya yi taɓo, takalman Mai Girma kuwa farare ne. Wani mai hikima a tawagar ya tuna cewa akwai wuri ɗaya tsaf a yankin, ga kuma kofi a shanye da zai yi kyau a hoto.

Hermelinda ta tare ƙofa. Wani saurayi mai tabarau baƙi da waya a kunne ya ce, "Uwa, ki ba da hanya, motar Mai Girma za ta shigo."

Ta ce, "Ɗana, mota ɗaya ta shigo yau, ka ga inda ta kai ni. Mai son shiga ya shigo da ƙafa, ta gefe, kuma ya karkaɗe takalmi."

Haka aka yi. Mai Girma ya shigo da farar malafa da mayafin manoma a kafaɗa, sabo dal, har layin ninkin kanti bai baje ba. Ya rungume ni da man da ke jikina bai kula ba, ya kira ni ginshiƙin ilimi, ya kira Hermelinda uwar tattalin arziki, ya kira Fulgencio da sunan wani. A bayansa wani ma'aikaci na riƙe da shebur mai ruwan zinariya, an ɗaura masa kyalle. Ni kuwa idona bai bar shebur ɗin ba. Ƙotarsa bututun ƙarfe ce, doguwa, da murfin roba a ƙarshe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a ara mini wannan na ɗan lokaci?"

Ma'aikacin ya rungume shi. "Wannan na biki ne, Malam. Ba a aiki da shi."

Amma Mai Girma ya ga mai hoto ya ɗaga kyamara. Ya ce, "Ba shi! Kayan jama'a ne. Duk abin da muke da shi na jama'a ne!"

Na cire murfin robar, na koma ƙarƙashi, na zura hannun sifana a bututun. Fulgencio ya kama can ƙarshen shebur ya danna. Aka ji ƙas! Noti ya saki. Ina shaida wa masu karatu cewa wannan ne aikin farko da shebur ɗin nan ya kammala tun da aka saye shi, kuma ruwan zinariyar duk ya dawo tafin hannun Fulgencio.

Sauran aikin mai sauƙi ne ga mai haƙuri. Na goge notin ƙasa, na mayar na ɗaure, ba da ƙarfin hauka ba. Na jawo daron da tayarsa daga ƙarƙashi na ajiye can bayan mota a kan kwali, don in samu wurin juyawa. Fulgencio yana cika sirinji yana miƙo mini, ina ɗurawa a hankali da tsumma a ƙarƙashin bakin, har man ya kawo leɓen ramin ya fara leƙowa. Nan ne cikarsa. Ba a ƙara masa don nuna ƙauna.

A sama kuwa jawabi ya kankama. Daga inda nake ina jin gadar tana ƙara tsawo. Ta samu hanya huɗu, ta samu wurin hutawa, ina jin da an ƙara minti kaɗan da ta kai teku. Mai hoto ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan ja baya, dutsen ya fito. Kaɗan kuma. Kaɗan."

Ban ga abin ba, jin sa na yi. Wani sauti mai laushi, culɓ. Sai muryar Hermelinda, wadda na tabbata an ji ta a ƙetaren kogi:

"Kar ka motsa!"

Na fito da rarrafe. Ƙafar dama ta Mai Girma tana cikin daro har idon sawu. Tayar ta riƙe daron, bai kife ba, ko ɗigo bai fita ba, kuma ina roƙon a rubuta wannan a kabarina. Masu tsaronsa suka yunƙuro, ta gitta musu manjagara.

"Wanda ya ɗaga shi, shi zai biya ni girbin bana. In ya cire ƙafar nan wando zai ɗiga, iska kuma wajen kofina take kaɗawa. Sai na kwashe na rufe tukuna."

Mai Girma ya ce, "Uwa, ina da wani taron..."

"Ni ma ina da kofi. Tsaya yadda kake, ɗana, kana da kyau a haka."

Ta fara tattara kofin. Ban taɓa ganin Hermelinda tana aiki a hankali irin na ranar ba. Fulgencio ya ce zai taya ta, ta ce taimakonsa na yau ya isa.

Labari ya zaga ƙauye cewa an samu babban mutum a tsaye wuri ɗaya. Mutane suka baro layin fetur, abin da ko gobara ba ta sa su yi. Suka jeru a bakin daɓe, ba hayaniya, kowa ya cire hula. Doña Pastora, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garin, ita ta fara.

"Ranka ya daɗe, tsohuwar gadar ina take?"

"An kai ta a adana, Baba."

"A wurin wa? In je in gaishe ta. A kanta mijina ya fara yi mini magana."

Wani ya tambayi fitilun, ko su za a fara kawowa mu rataye a iska. Wani ya tambaya ko matar mai lema ta isa. Direban motar madara ya kawo lissafin tayoyin da hanyar alfadarai ta cinye masa, ba da faɗa ba, kamar mai karanta sunayen mamata. Mai Girma ya duba dama, ma'aikatansa suna kallon sama. Ya duba hagu, ga manjagara. Duk amsar da ya fara sai ta mutu a hanya, don irin waɗannan amsoshi an yi su ne don a faɗa ana tafiya zuwa mota.

Ni dai tausayi ya kama ni. Na sha ganin wannan fuskar a gaban allo, fuskar yaron da bai yi aikin gida ba kuma ƙararrawa ta ƙi kaɗawa. Na kawo masa ruwan mazarƙwaila mai ɗumi da wainar masara, na tsaya kusa da shi. Tun da ga ɗalibi ga lokaci, na nuna masa notunan nan biyu, na yi masa bayanin dalilin da ya sa ake fara kwance na sama. Na maimaita, na ba da misali da Fulgencio don kada ya ji kunya. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Malam, wannan magana ce mai zurfi. Za mu kafa kwamiti a kanta."

Na ce, "Allah ya ba kwamitin lafiya, ranka ya daɗe."

Da Hermelinda ta rufe kofinta ruf da tamfol, sai ta ba da umarni. Na riƙe buhun taki a buɗe dab da bakin daro. Mai Girma ya zare ƙafarsa ya bar takalmin a ciki, ya zura ta a buhu, muka ɗaure a gwiwa. Ta ce ɗingishi ma bai halatta a daɓenta ba. Fulgencio ya kawo baro. Haka Uban Ayyuka ya bar gidanmu, zaune a baron shanu, malafa a cinya, yana ɗaga wa jama'a hannu don sabo. Harsashin kuwa an ɗage shi zuwa ranar da za a sanar.

Na ɗaure notin sama, na juye tsohon man a jarka don in kai wa bakanike, ba rafi ba, na fitar da mota. Hermelinda ta durƙusa ta bi daɓen da hanci taku-taku kamar mai neman ɗan kunne. Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta ce, "Kwaso mini jiƙaƙƙen." A gidanmu wannan lambar yabo ce.

Ranar Juma'a muka loda buhuna muka hau dutse. Akwatin bai yi ko tari ba. A ƙungiya Doña Nohemí ta zura hannu a buhu, ta kai hanci, ta rufe ido. Ta daɗe. Ta koma na biyu, ta ƙara daɗewa. Ina jin farcen Hermelinda yana shiga damtsena.

"Doña Hermelinda, an ce babban mutum ya kai miki ziyara."

"Ya kai."

Ta sake shaƙa. "Bai bar komai ba. Ku kai sikeli."

Washegari jarida ta fito da hoton, an yanke shi daga gwiwa. A ƙasa an rubuta cewa Mai Girma ya daɗe tsaye wuri ɗaya a tsakiyar manoma yana sauraron kokensu, bai ko ɗaga ƙafa ba. Na ɗauko jan birona kamar yadda na saba, na bi labarin layi-layi, ban samu abin gyara ba. Ƙauyuka biyu sun riga sun aiko neman aron daron. Na ce su zo da tayarsu.